Babi na Shida: Wanda Bai Dawo Ba

Ikara da Maƙarfi da Kudan kowacce tana da gunduma goma, talatin ke nan idan aka haɗa, kuma ƙidayar 2006 ta ba su mutum kusan 480,000. Tun daga 2015 gwamnatin Kaduna ta ɗauki manufar a samu asibitin matakin farko guda ɗaya mai aiki a kowace gunduma cikin gundumomi 255 na jihar, saboda haka talatin daga ciki sun faɗo a wannan yanki, daga Paki da Saulawa zuwa Gimi da Gazara, har Likoro da Zabi. Mutane suna kiran irin wannan wuri asibitin sha-ka-tafi, kuma aikin da ake yi a cikinsa sananne ne: allurar rigakafi, awon ciki, karɓar haihuwa, gwajin zazzaɓin sauro, ruwan gishiri da suga ga yaron da ke gudawa. Duk waɗannan ayyuka suna da ƙarshe. Zazzaɓi ya kan sauka cikin kwana uku, ciki ya kan kai wata tara, katin rigakafi ya kan cika. Hawan jini da ciwon suga kuwa idan sun kama mutum sun zauna ke nan. Abin da wannan babi yake so ya tabbatar shi ne, babban giɓin da ke tsakanin waɗannan asibitoci da masu ciwon da ba ya warkewa yana cikin tsarin aiki, tsarin da zai sa asibiti ya san wanda ya kamata ya dawo yau amma bai dawo ba, kuma ya kasance yana da maganin da zai ba shi idan ya dawo. Gini da likita suna da amfaninsu, amma suna bayan wannan a layi.

Ba laifin kowa ba ne da tsarin ya fito haka. Lokacin da ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata a 1978 suka amince cewa lafiya daga matakin farko take farawa, abin da ke kashe mutane a karkarar Zazzau shi ne ƙyanda da gudawa da tarin lala da haihuwa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992, likitan yara ne, kuma a kan ceton yara da uwaye ya ɗora harsashin. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa da aka kafa a 1992 ta gaji wannan alƙibla. Har littafin rajistar marasa lafiya na yau da kullum yana ɗauke da tunanin wancan zamani: kowane zuwa layi ɗaya ne, da suna da shekaru da abin da aka gano da abin da aka bayar, gobe a buɗe sabon shafi. Dattijon da ya zo a watan Rajab da ciwon kai aka auna shi aka ga jininsa ya hau, idan ya sake zuwa a Shawwal sabon layi za a ba shi, babu abin da ya haɗa shi da na baya. Idan kuma bai zo ba, babu shafin da zai nuna rashinsa.

Yawan masu ciwon ya wuce a ce lamari ne na 'yan birni masu cin maiƙo. Binciken da Farfesa Augustine Odili da abokan aikinsa suka yi a 2017 a shiyyoyi shida na Najeriya, inda suka auna mutum sama da 4,000, ya samu kashi 38 cikin 100 na manya suna da hawan jini. A Arewa maso Yamma adadin ya yi ƙasa da haka, kimanin mutum ɗaya cikin huɗu. A dukan ƙasar, cikin masu ciwon, kashi ɗaya bisa uku ne suke shan magani, kuma kusan 12 cikin 100 ne kawai jininsu ya sauka zuwa inda ake so. A ɗora wannan a kan yankinmu da lissafi mai sauƙi. Ko da an tsaya a kan tsohuwar ƙidaya, aka ce manya 200,000 ne, ɗaya bisa huɗu ya kama 50,000, wato fiye da mutum 1,600 a kowace gunduma. Asibitocin gwamnati na Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi ba za su iya ganin wannan jama'a duk wata ba, balle asibitin koyarwa na Shika. Abin da ke kai su Shika shi ne ƙarshen labarin: ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, ko ƙafa ta kumbura a ce sai wankin ƙoda. Wani babban bincike a kan shanyewar ɓarin jiki da Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a Najeriya da Gana, wanda asibitocin Zariya da Kano suna cikinsa, ya fitar da sakamako a 2018 cewa kusan tara cikin goma na wannan larura ana iya danganta su da hawan jini. Wanda aka ce iska ta buge shi a hanyar gona, ko an yi masa jifa, sau da yawa ya yi shekaru yana yawo da jini 180 bisa 110 ba tare da ko ciwon kai ba.

To mene ne bincike ya nuna yana aiki? Misalin da aka fi kawowa daga Amurka yake, daga wata ƙungiyar asibitoci a arewacin Kalifoniya mai suna Kaiser Permanente. A 2001 kashi 44 cikin 100 na masu hawan jininsu ne jinin ya daidaita. Zuwa 2009 sun kai 80. Ba su gano sabon magani ba. Sun buɗe rajistar da ta tattara duk mai ciwon wuri ɗaya, suka rubuta ƙa'idar magani guda ɗaya mataki-mataki da kowa zai bi, suka koma ga ƙwaya ɗaya mai haɗe da magani biyu, suka bar mataimakan asibiti suna auna jini ba tare da an biya kuɗin ganin likita ba, sannan suka riƙa nuna wa kowane reshe sakamakonsa kusa da na maƙwabcinsa. Babu ɗaya a cikin waɗannan da yake buƙatar na'ura mai tsada. Rajistar nan ita ce uwa, kuma kowane mai shago a kasuwar Maƙarfi ya san irinta: littafin ciniki yana nuna wanda ya shigo, littafin bashi kuwa yana nuna wanda ake jira, da ranar da ya yi alkawari, da wanda za a tura masa idan ranar ta wuce. Asibitocinmu suna da na farkon.

Mai karatu zai ce wannan Amurka ce, kuma yana da gaskiya, shi ya sa gwajin da aka yi a gida ya fi nauyi. A Janairun 2020 Jami'ar Abuja, ƙarƙashin Farfesa Dike Ojji, tare da Jami'ar Northwestern ta Amurka, suka fara wani shiri a asibitocin matakin farko 60 na Babban Birnin Tarayya. Da aka fara rajista, kusan 13 cikin 100 ne jininsu yake daidai. Masu ba da maganin ma'aikatan lafiya na al'umma ne da nas-nas, suna bin ƙa'ida mai mataki huɗu wadda ta shiga shafi ɗaya: a fara da amlodifin miligiram 5; idan bayan wata jini bai sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba a haɗa da losatan; idan ya ƙi a ninka su; idan har yanzu ya ƙi a ƙara maganin da ke sa fitsari, daga nan sai a tura mutum gaba. Shirin ya yi rajistar mutum sama da 20,000, kuma kafin ya kammala, fiye da rabin masu zuwa jininsu ya daidaita. A 2020 ɗin ma ma'aikatar lafiya ta tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar da makamancinsa a jihohin Kano da Ogun. Zaɓen amlodifin a matakin farko ba kame-kame ba ne. Shi dai Ojji ya jagoranci gwaji a ƙasashe shida na Afirka da mutum 728, aka buga sakamakon a 2019, wanda ya nuna haɗin da ke ɗauke da amlodifin ya fi saukar da jinin baƙar fata a kan haɗin da babu shi. Ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya a rana, ba ta buƙatar gwajin jini kafin a fara, ba ta buƙatar firiji.

Suka ta farko daga likitoci take fitowa, kuma ba ta raini ba ce. Suna cewa hawan jini yana da rassa: wani ƙodarsa ta riga ta taɓu, wata tana da ciki kuma losatan yana cutar da ɗan tayi, wani zuciyarsa ta kumbura. Wanda ya yi shekara biyu ko uku a makarantar kiwon lafiya ba zai rarrabe waɗannan ba, kuma ƙa'idar shafi ɗaya tana iya sa shi ya ɗauka ya iya. Amsar tana da ɓangare biyu. Na farko, an gwada, kuma da ma'auni mafi tsauri, wato ƙirga waɗanda suka faɗi da waɗanda suka mutu. A ƙasar Sin an raba ƙauyuka 326 gida biyu, da mutum kusan 34,000. A rabi aka horar da ma'aikatan lafiyar ƙauye, waɗanda ba su yi karatun likita ba, aka ba su ikon fara magani da ƙara shi bisa ƙa'ida, likita yana duba aikinsu daga nesa. Bayan shekara uku, kamar yadda aka buga a 2023, shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya da makamantansu sun ragu da kashi ɗaya bisa uku a waɗannan ƙauyuka, mace-mace gaba ɗaya suka ragu da kashi 15 cikin 100. Wani gwaji a karkarar Bangaladash da Pakistan da Siri Lanka, da aka buga a 2020, ya samu saukar jini mai ma'ana ta hanyar ma'aikatan da ke bin gida-gida. Ɓangare na biyu ya fi ɗaci. Manomin rake a Mayere ba ya zaɓe tsakanin likitan zuciya da malamin asibiti. Zaɓinsa yana tsakanin malamin asibiti mai ƙa'ida a rubuce da mai kemis da zai ba shi abin da kuɗinsa ya kai, ko mai tallar magani da lasifika a kan mota ranar kasuwa. Amma sharuɗɗan likitocin dole su shiga cikin ƙa'idar da manyan baƙaƙe: a tambayi kowace mace mai shekarun haihuwa kafin a ba ta losatan, a duba fitsari, a tura duk wanda jininsa ya kai 180 da alamun haɗari ko ƙafarsa ta kumbura, kuma likitan babban asibiti ya riƙa zagayowa yana buɗe katuna. Najeriya ta amince da manufar miƙa wasu ayyukan likita ga ƙananan ma'aikata tun 2014. Kuma abin da ya kamata ya ba yankin nan kunya da ƙwarin gwiwa lokaci guda shi ne, makarantar kiwon lafiya mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wadda ta daɗe tana yaye irin waɗannan ma'aikata zuwa ko'ina a jihar, a garin Maƙarfi take.

Suka ta biyu ta fi yawo a baki: mutanenmu ba sa jure shan magani. Da zarar kai ya daina ciwo sai a ajiye, a koma ga zoɓo da tafarnuwa da ganyen zogale, ko a ce ai an yi rubutu an sha. Akwai gaskiya a ciki. Ko a shirin Abuja, a farkon tafiya, ƙasa da rabin waɗanda aka yi wa rajista ne suke dawowa a kan kari. Sai dai kafin a kira wannan jahilci a duba abin da aka koya wa mutumin. Duk rayuwarsa maganin asibiti abu ne da ake sha kwana uku ko biyar a warke. Yanzu an ba shi ƙwaya talatin, babu wanda ya zauna ya gaya masa cewa wannan ba ta warkarwa, tana riƙe jinin ne muddin ana sha. Da ya gama ya ji garau, hukuncin da ya yanke daidai yake da iliminsa. Mai maganin gargajiya kuwa ya yi masa alkawarin rabuwa da ciwon har abada, kuma kowa zai fi son wannan alkawari. Sannan a lissafa abin da dawowa take ci: kuɗin acaɓa zuwa da komowa, yinin aiki guda, kuma idan damina ce lokacin noman farko ko na biyu, yini guda ba abin wasa ba ne. Idan ya yi duk wannan ya iso aka ce magani ya ƙare, je ka saya a waje, wata mai zuwa ba zai zo ba, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi.

Hujjar da ta fi rushe wannan suka tana cikin asibitocinmu da kansu. Masu ɗauke da cutar ƙanjamau a jihar Kaduna suna shan ƙwaya kullum shekara da shekaru, kuma su ma Hausawa ne da Fulani da sauran maƙwabta, ba daga wata duniya aka kawo su ba. Bambancin shi ne shirinsu yana da kati ga kowane mutum, da ranar dawowa, da mai bin sawu da zai buga waya ko ya je gida idan an wuce rana, da magani kyauta, kuma wanda ya daidaita ana ba shi na wata uku ko shida lokaci guda. Masu tarin fuka ma haka ake bin su wata shida. Matan da suka riƙa bin gida-gida a yaƙin shan-inna, da masu raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓi kowace damina, sun san kowane zaure a unguwarsu. Ƙwarewar bin mutum tana nan, an dai keɓe ta ga cututtukan da masu ba da tallafi daga waje suke biyan kuɗinsu. Ba a buƙatar a ƙirƙiro komai. A ba wanda jininsa ya zauna maganin wata uku, a daidaita rabon da kalandar manomi yadda zai shiga damina da guzurinsa, a gaya masa tun kafin azumi cewa ƙwayar sau ɗaya ce kuma zai iya sha da buɗa-baki ko sahur, don watan Ramadan lokaci ne da mutane da yawa suke ajiye magani bisa zaton ba ya haɗuwa da azumi.

Nan maganar ta iso kan kuɗi, inda ta fi wuya. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marar lafiya yake fita. Faɗuwar naira tun 2023, da ficewar kamfanin GSK daga sayar da magani kai tsaye a shekarar ta 2023, sun ɗaga farashi har a kan magunguna masu araha. Tsohuwar dabara ita ce asusun magani mai juyawa, wanda ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Bamako a 1987: asibiti ya sayar da magani da ɗan riba, ya sake sarowa. Yana hana kanta zama fayau idan an riƙe amana, amma an tsara shi ne don wanda zai saya sau ɗaya. Wanda zai saya sau goma sha biyu a shekara, don ciwon da ba ya jin zafinsa, shi ne farkon wanda zai janye idan kuɗin taki ya taso. A karkarar jihar Kwara an gwada inshorar al'umma mai rangwame tare da gyara asibitocin, aka kwatanta da yankin da babu, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna jinin masu ciwon ya ƙara sauka da kimanin maki 5 a inda inshorar take. Maki 5 a kan mutum ɗaya ba ya burge kowa, amma a kan mutum dubu hamsin gidaje ne masu yawa da ba za su ɗauki mai gida a kan tabarma ba. Hanyoyin biyan suna nan a takarda: dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don matakin farko, Kaduna tana da hukumar inshorarta ta KADCHMA tun 2018, tana da hukumar sayen magani a dunƙule, har jirage marasa matuƙi na Zipline sun fara tashi da magani daga Pambeguwa a 2022. Ra'ayin wannan littafi shi ne magunguna biyu na farkon ƙa'idar su zama kyauta ga duk wanda ke cikin rajista, ko yana da katin inshora ko babu. Jihar da ta sayi amlodifin a dunƙule za ta same shi da rahusa ƙwarai, kuma kuɗin zaman wankin ƙoda ɗaya ya isa ya riƙe mutane da yawa tsawon wata.

Suka ta uku ita ce mafi ƙarfi, kuma ba a gama da ita da jimla ɗaya. A asibitin da ma'aikata biyu ko uku suke karɓar haihuwa da dare su yi rigakafi da safe, a yankin da har yanzu zazzaɓin sauro da tamowa suke ɗaukar yara, da wane hannu za a riƙe dattawa 1,600? Duk wanda ya ce ba za a ƙara nauyi ba, bai faɗi gaskiya ba. Za a ƙara, kuma idan ba a ɗauki ma'aikata ba wani aikin zai sha wahala. Abin da za a iya shi ne a rage nauyin kowane zuwa: rana ɗaya a mako ta masu hawan jini, na'urar awo mai batir da ɗan sa-kai zai iya sarrafawa, maganin wata uku da zai mayar da zuwa goma sha biyu ya koma huɗu. Sannan raba uwa da hawan jini gida biyu kuskure ne tun asali. Jijjigar masu ciki tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a Arewa, kuma hawan jini ne tushenta. Ƙasar Zazzau ma tana da nata tarihin a nan. A shekarun 1970 likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Da aka ci gaba da bin su, da yawansu sun zama masu hawan jini. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta daga Kano ya nuna lamarin ya fi al'adar jego faɗi, talauci da rama da hawan jinin ciki suna da hannu. Ko wanne aka ɗauka, matar da jininta ya hau a awon ciki tana hannun asibiti wata da watanni, da katinta da sunan mijinta da unguwarta, sai ta haihu a yi suna a rufe katin. Ita ce ta fi kowa sauƙin shiga rajista.

Maza su ne matsala. A shirin Abuja kusan biyu bisa uku na masu rajista mata ne, kuma babu dalilin da zai sa Kudan ta bambanta, tunda magidanci yana ganin asibitin gunduma wurin mata da yara ne. A nan ne gangamin duba lafiya kyauta da 'yan siyasa da ƙungiyoyi suke shiryawa yake samun kasuwa: rumfa, layi, awo, ƙwayar sati biyu, hoto. Wanda aka gaya wa yana da hawan jini aka sallame shi ba tare da kati da ranar dawowa ba, an ƙara masa damuwa ne kawai, kuma an koya masa cewa maganin na sati biyu ne. Auna maza a ƙofar masallacin Juma'a ko a tashar lodin rake da tumatir abu ne mai kyau idan mai awon yana riƙe da rajistar asibitin gundumar, ya rubuta lambar waya, ya ba da rana. Masu kemis ma gara a jawo su ciki, tunda wurinsu mutane suke fara zuwa kuma da yawansu suna da na'urar awo a kan kanta. A koya musu su auna daidai, mutum yana zaune ya huta, su tura shi, maimakon a yi kamar babu su.

Ciwon suga ya fi wannan wuya, kuma bai kamata a yi kamar hanya ɗaya ce ba. Yana buƙatar tsinken gwaji da ake saye kullum, wani yana buƙatar allurar insulin da sai an ajiye ta a wuri mai sanyi, kuma kuskuren ƙara magani yana iya sumar da mutum cikin awa guda, abin da amlodifin ba ya yi. Shi ya sa ya dace a fara da hawan jini, a bar katin da rajistar da ranar asibitin su kafu, sannan a ɗora suga a kai, bayansa farfaɗiya da asma da sikila, waɗanda duk dawowa suke buƙata. Abin da zai nuna ko an kafu lamba ɗaya ce da kowace gunduma za ta aika wa ƙaramar hukuma duk wata uku: cikin waɗanda aka yi wa rajista, nawa ne jininsu yake ƙasa da 140 bisa 90 a awonsu na ƙarshe, a kuma lissafa wanda bai zo ba a cikin waɗanda jininsu bai sauka ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne zai hana a yi ado da lamba, domin asibitin da ya ƙirga masu zuwa kaɗai yana iya nuna kashi 70 alhali rabin mutanensa sun ɓace. Gunduma talatin kuma adadi ne da ya dace da bincike mai kyau. Tunda ba za a iya fara duka rana ɗaya ba, sai a jefa ƙuri'a, biyar su fara, bayan wata uku biyar su biyo, har a gama, ana kwatanta waɗanda suka shiga da waɗanda suke jira. Sashen koyar da lafiyar al'umma na jami'ar Zariya yana da masu iya wannan lissafi, ɗaliban Maƙarfi suna buƙatar wurin koyon aiki, kuma daga Hunƙuyi zuwa Samaru tafiyar ƙasa da awa guda ce.